Idan Mai Gyara Ya Ce Bod Ya Ƙone, Nemi Hujja Kafin Ka Biya

Yau shagon masu gyaran kwamfutar tafi-da-gidanka za mu leƙa, wato laftof, domin mu tattauna wata matsala da ta daɗe tana ci wa ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa tuwo a ƙwarya. Mutum ne ya kai na'urarsa gyara, aka duba, aka faɗa masa abin da ya lalace, aka yanka masa kuɗi, amma hankalinsa bai kwanta ba. Yana zargin ko dai ba a gano ciwon ba, ko kuma an gano amma aka faɗa masa wani daban. To, me ya kamata ya yi?

Duk wanda ya saba shiga wuraren gyara, ko a Titin Beirut da Farm Centre a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village da ke Ikeja a Legas, ya san akwai gwanaye na gaske a cikinsu, akwai kuma masu koyo. Ya kuma san maganar da ta fi kowace tayar wa mai kaya hankali: "Alhaji, gaskiya bod ɗin ne ya ƙone." Bod shi ne babban faifan da ke cikin laftof, wanda ƙwaƙwalwarta da hanyoyin wutarta suke kansa, kuma shi ne mafi tsada a jikinta. Da zarar an ce ya tafi, zaɓi biyu ake ajiye wa mutum: ko ya biya kuɗin da ya kusa saya masa wata ta hannu, ko ya sayar da tasa a wulaƙance a matsayin kayan gyara. Tun bayan faɗuwar darajar naira a shekarar 2023, ɗalibin da iyayensa suka yi karo-karo suka saya masa laftof ta hannu ba shi da halin ɗaukar ko ɗaya daga cikin biyun da wasa. Ga kuma kundin kammala karatunsa a ciki, ko lissafin shago, ko hotunan iyali na shekaru.

Matsayina a wannan sharhi shi ne, maganar mai gyara da'awa ce, tana buƙatar hujjar da za a iya nunawa. Zargin mai kaya ma da'awa ne, shi ma yana buƙatar tasa hujjar. Kada ka haɗiye hukuncin da ba a nuna maka tushensa ba, kada kuma ka kira mutum ɓarawo alhali ba ka da komai a hannu sai zato. Abin da ke raba gardamar nan gwaji ne, kuma gwajin bai fi ƙarfin kowa ba.

Bari mu fara da dalilin da ya sa ake kuskure. Zazzaɓi ɗaya ne a jikin mara lafiya, amma yana iya zama na cizon sauro, yana iya zama taifot, kuma likitan da bai auna jini ba zai iya ba da maganin da ba shi ne ba. Haka laftof take. Ƙin tashi alama ce guda, amma abin da ke haddasa ta yana da yawa. Yana iya zama caja. Yawancin cajojin laftof suna ba da wuta bolt 19 zuwa 20, kuma jabun caja kan gaza ba da abin da aka rubuta a jikinta. Cajojin Dell da HP masu zagayayyen baki suna da wata siririyar allura a tsakiya, wadda take sanar da kwamfutar irin cajar da aka jona mata. Idan allurar ta karye, sai laftof ta ƙi caji ko ta riƙa aiki da nawa. Yana iya zama ramin cajar ne ya saki. Yana iya zama ram, wato ma'ajiyar wucin-gadi ta kwamfuta, ne ya motsa daga mazauninsa ko ƙura ta hau bakinsa, sai ka ji fanka tana juyawa, fitila tana ci, amma skirin ya yi baƙi ƙirin. Akwai wani ɗan batir mai kama da kwabo, mai bolt 3, da ke riƙe wa kwamfuta agogo da saitinta; idan ya mutu, wasu na'urorin sukan rikice. Manhajar farko da ke tayar da kwamfuta, wadda masu gyara ke kira bayos, ita ma takan lalace, a sake ɗora ta komai ya dawo. Wani lokacin kuma laftof tana aiki lafiya lau, fitilar bayan skirin ce ta mutu, ko wayar da ta bi ta cikin ƙyauren marfi ta je skirin ce ta tsinke saboda yawan buɗewa da rufewa. Wadda take mutuwa da kanta bayan 'yan mintuna kuwa, a ƙasarmu mai ƙurar hunturu da zafin bazara da kan haura maki 40, sau da yawa hanyar iskarta ce ta toshe, kuma man da ke tsakanin ƙwaƙwalwarta da ƙarfen sanyaya ta ya bushe.

Ko da a kan bod ɗin matsalar take, ba lallai ne duka ya mutu ba. Lokacin da aka kawo wuta da ƙarfi, ko janareta ya yi tangal-tangal, abin da ya fi saurin ƙonewa shi ne ƙananan sassan da ke bakin ƙofar shigar wuta: wani ɗan fiyus, ko kafasita, ko tiransista, wanda bai kai ƙwayar shinkafa girma ba ko ya ɗan fi ta. Mai gyaran da ke da mita da madubin ƙara girma da taswirar bod ɗin yana iya gano shi ya canza. Wanda ba shi da waɗannan kayan, iyakarsa ya ce bod ne. Ka ga ke nan maganarsa tana iya zama gaskiya, amma rabin gaskiya, kuma rabin da ya ɓoye shi ne mai rahusa.

Kada mai sauraro ya ɗauka wannan matsala ta ƙananan shaguna ce kawai. A shekarar 2018, kafar yaɗa labarai ta CBC da ke Kanada ta aika da ɓoyayyiyar kyamara wani shagon Apple a birnin Toronto, da laftof ƙirar MacBook Pro wadda skirinta ba ya haske. Ma'aikacin shagon ya buɗe, ya ga 'yan alamomin da ke nuna shigar ruwa sun koma ja, ya ce gyaran zai ci aƙalla dalar Kanada 1,200. 'Yan jaridar suka ɗauki na'urar suka kai wa wani mai gyara mai zaman kansa a New York, Louis Rossmann. Shi kuwa da ya duba sai ya ga wata 'yar allura ce ta lanƙwashe a inda wayar skirin take shiga. Ya miƙar da ita, haske ya dawo cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. Kamfanin Apple ya musanta cewa yana ƙara wa mutane kuɗin gyara da gangan. Ko ma mene ne, darasin a fili yake: na farko ya ga alama ɗaya ya tsaya, na biyu ya bi hanyar wutar har ya isa inda ta yanke. Yawancin kuskuren gano matsala daga nan yake fitowa, daga gaggawa da ƙarancin kayan aiki. Masu yi da gangan suna nan, ba za mu ɓoye ba, amma ba su ne kowa ba.

Saboda haka, mai sauraro, aikinka yana farawa ne tun daga gida. Ari caja ta asali irin taka ka gwada. Cire caja, ka cire batir idan mai fita ne, ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30, sannan ka mayar ka kunna. Idan skirin ne ya yi duhu, haɗa laftof da talabijin ta wayar HDMI. Idan hoto ya fito a talabijin, ƙwaƙwalwar na'urarka tana raye, matsalar tana ɓangaren skirin. Haska tocilan a jikin skirin ka duba da kyau. Idan ka hango inuwar rubutu, hasken baya ne ya ɗauke. Idan wata fitila tana ƙyaftawa, ɗauki bidiyonta, domin kamfanoni irin su Dell da HP sun tsara adadin ƙyaftawar ya nuna ɓangaren da ke da matsala, kuma bayanin yana shafinsu na intanet. Idan kuwa na'urar tana tashi, a Dell ka danna F12 lokacin kunnawa ka zaɓi gwajin lafiyarta, a HP ka danna Esc sannan F2. Ita da kanta za ta auna ram da had-disk da batir, ta ba ka lamba idan ta ga matsala. Ɗauki hoton lambar. Abu biyu ne kawai ba a gwaji a kansu: laftof ɗin da ruwa ko shayi ya zube a kanta, kada a kunna ta, da kuma wadda batirinta ya kumbura, kada a jona mata wuta.

Idan ka isa shago, kada ka miƙa ka juya. Nemi rasit, kuma a rubuta ƙirar na'urar, da lambar jikinta, da girman ram, da irin had-disk ɗin da girmansa, da ko ka bar caja. A rubuta ƙorafin da ka zo da shi yadda ka faɗa. A kuma rubuta cewa ba za a canza komai ba sai an kira ka ka amince. Idan da hali, a buɗe ta a gabanka ka ɗauki hoton cikinta. Wannan ba rashin yarda ba ne, kariya ce gare ku duka, domin mai gyara na kirki ma ya sha fama da wanda zai dawo ya rantse cewa ram ɗinsa ya fi haka. Sai batun sirri. A wani nazari da aka wallafa a shekarar 2022, masu bincike a Jami'ar Guelph da ke Kanada sun kai laftof gyara shaguna daban-daban, bayan sun ɗana musu manhajar da ke rubuta duk abin da aka taɓa. Suka tarar a wurare 6 an leƙa bayanan da ba su shafi gyaran ba, a 2 daga ciki har kwafa aka yi. Gyaran caji ko batir ko skirin ba ya buƙatar lambar sirrinka, don haka kada ka bayar sai da dalili. Idan kuma Windows ɗinka yana da makullin BitLocker, nemo lambarsa mai alƙaluma 48 daga asusunka na Microsoft ka adana kafin a taɓa bod, domin canza bod kan sa na'urar ta nemi lambar, kuma idan babu ita bayananka sun kulle.

To, yanzu an kira ka an ce bod ne. Ba faɗa za ka yi ba, tambaya za ka yi, matambayi kuwa ba ya ɓata. Ka ce, "Injiniya, Allah ya ba da sa'a, me ka auna da ya nuna maka haka? Ka gwada da wata cajar? Ka sa wani ram ɗin? Ka haɗa da wani skirin? A ina wutar ta tsaya?" Wanda ya yi aikin zai ɗauko mita ya nuna maka, ya ce ga inda bolt 19 ya shigo, ga inda ya ɓace. Wanda bai yi ba sai ya hau kame-kame, ko ya ce ai duk irin wannan ƙirar haka suke yi. Sannan ka yi tambayar da ta fi kowace muhimmanci: "Idan na biya aka canza, matsalar ba ta tafi ba, asarar ta wa ce?" Wanda ya tabbatar da bincikensa ba zai ji tsoron cewa tasa ce ba. Ka kuma faɗa tun kafin a fara aiki cewa tsohon abin da aka cire naka ne, za ka tafi da shi, kuma a rubuta maka kwanakin garanti.

Akwai alamomin da ya dace su sa ka dakata. An yanke hukunci cikin minti biyu ba tare da an kwance ko noti ɗaya ba. Bayanin yana sauyawa, jiya had-disk, yau ram, gobe bod, kuma kowanne da kuɗinsa. Laftof ɗin da ka kai tana tashi don a canza mata madannai, yanzu an ce ba ta tashi gaba ɗaya. An ƙi nuna maka cikinta. Ko kuma wanda ya ce ta mutu shi ne yake matsa maka ka sayar masa. Amma a yi adalci: akwai lokutan da mai gyara yake da gaskiya duk da cewa abin ya yi kama da yaudara. Na'urar da ruwa ya shiga tana iya tashi yau ta mutu bayan mako biyu, saboda tsatsa tana cin hanyoyinta sannu a hankali. Kuma ciwo biyu kan haɗu, a gyara na farko sannan na biyu ya bayyana.

Idan amsoshin ba su gamsar da kai ba, biya kuɗin dubawa idan akwai, ka karɓi kayanka cikin mutunci, ka duba lambar jiki da ram da had-disk su dace da rasit, ka nufi wani mai gyaran. Ka nemi wanda aka san shi da aikin bod, mai kayan auna wuta, ba mai canje-canjen kaya kaɗai ba. A nan ga shawarar da nake so a riƙe: kada ka faɗa wa na biyu abin da na farko ya ce, kada kuma ka ambaci sunansa. Faɗa masa alamomin kawai, da cewa an taɓa buɗe ta. Idan ka ce masa wane ya ce bod ne, ko dai ya bi sawun maganar ba tare da bincike ba, ko kishin sana'a ya sa ya ƙaryata don ya ci kasuwa. Idan bakinsu ya zo ɗaya, hankalinka ya kwanta. Idan suka saɓa, duba wanda ya nuna hujja. Idan kuɗin da ake magana a kai mai yawa ne, je wurin na uku. Kuma kada ka yarda kowa ya hura wa bod ɗinka zafin bulowa da sunan gwada sa'a. Zafin kan sa wata na'urar ta farfaɗo na 'yan kwanaki, sannan ta sake mutuwa, wani lokacin ma ya lalata abin da yake lafiya, a yi gyaran gangar Auzinawa.

Wani zai ce, to ni na riga na biya, an canza, matsalar tana nan. Koma shagon da rasit ɗinka da bayanin mai gyara na biyu, ka nemi maigidan shagon ku keɓe, ba a gaban abokan cinikinsa ba. Ka faɗi abin da kake nema a fili: ko a mayar maka da tsohon kayanka da kuɗinka, ko a ƙarasa gyaran ba tare da ƙarin ko kwabo ba. Da yawa a nan maganar take mutuwa, domin ɗan kasuwa ya san darajar sunansa. Idan ya ƙi, kasuwanninmu suna da ƙungiyoyi da shugabanni masu sasanta irin wannan, kuma sun san wanda ya iya da wanda ya saba jawo musu magana. Idan nan ma abin ya faskara, doka tana bayanka. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba wanda aka yi wa aiki haƙƙin a yi masa aikin da inganci, a kuma mayar masa da kayansa a yanayin da bai gaza yadda ya kawo ba. Jihohi irin su Kano suna da tasu hukumar kare haƙƙin masu saye, ga kuma kotunan ƙananan ƙararraki da aka kafa don irin waɗannan rigingimun kuɗi. Dukansu abin da za su fara tambaya shi ne takarda. Shi ya sa na nanata batun rasit. Abin da ba na goyon baya shi ne a garzaya Facebook ko TikTok a saka hoton mutum da shagonsa a kira shi macuci kafin a tabbatar. Hausawa sun ce zato zunubi ne, kuma sunan da aka ɓata da wuya ya gyaru.

Wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Malaman mazhabar Malikiyya sun daɗe da tattauna lamunin masu sana'a, kuma hukuncin yana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu. Maɗinki ko maƙeri ko marini da ya zauna don yi wa jama'a aiki, idan ya karɓi kayan mutum ya keɓe da su, shi ke ɗauke da alhakinsu idan sun salwanta, sai fa in an sami shaidar cewa ba da sakacinsa ba ne. An yi haka ne domin mai kaya ba ya ganin abin da ke faruwa bayan ya ba da baya. Mai gyaran laftof na yau yana cikin wannan sahu, kuma abin da aka ba shi amana ya haɗa da na'urar da sirrin da ke cikinta.

Ina da magana ga 'yan uwanmu masu gyara, waɗanda da yawansu matasa ne da suka koyi sana'a da guminsu, suke ciyar da gidaje da ita. Cewa "ban gano ba" ba abin kunya ba ne. Cewa "wannan aikin ya fi ƙarfin kayana, je wurin wane" ba ya rage mutum, abokin ciniki ma yake ƙara masa. Ku ware kuɗin dubawa daban da kuɗin gyara, ku rubuta abin da kuka auna, ku mayar wa mutane tsofaffin kayansu tun kafin su tambaya. Shugabannin kasuwa kuma su buga takardar karɓar kaya iri ɗaya ga kowane shago, su tilasta amfani da ita. Rabin ƙarar da ake kawo musu za ta ragu. Iyayen gida su daina barin yaron da bai daɗe da fara koyo ba ya yanke hukunci a kan kayan dubban ɗaruruwan naira.

Mu masu kai gyara ma da namu laifin. Muna son a duba mana kyauta, alhali bin diddigin wuta a kan bod aikin awanni ne. Wanda ba za a biya shi kuɗin bincike ba, ba zai bincika ba, sai ya yi cinta, ya nemi ribarsa a kayan da zai sayar maka. Muna kuma ɓoye gaskiya: yaro ya zubar da shayi a kan laftof, ko ta faɗo daga kan babur, ko wani ya riga ya taɓa ta, amma mu ce haka kawai muka wayi gari ta ƙi tashi. Wanda aka ɓoye wa rabin labari, ta yaya zai gano dukan ciwon? Ka faɗi gaskiya, ka biya kuɗin dubawa, sannan ka sami bakin neman hujja. Kuma tun na'urar tana lafiya, ka riƙa kwafe muhimman bayananka a filash ko a ma'ajiyar intanet, domin wanda kundinsa yake wani wurin ba ya biyan kuɗi cikin firgici.

Jama'a, idan masu kaya suka saba da tambayar "me ka auna?", masu gyara kuma suka saba da amsa ta da mita a hannu, gwani zai ci moriyar gwanintarsa, mai koyo zai ƙara ƙaimi, macuci kuma kasuwar za ta yi masa ƙunci. Wannan gyara ne da ba ya jiran gwamnati, daga kan teburin shago zai fara, a ciniki na gaba da za ka yi.

A nan za mu dasa aya a sharhinmu na yau. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya tsare mana dukiyoyinmu da amanar da ke tsakaninmu.